Ina Aka Ajiye Rautar Gidanku?



Tun da hukumar NCC ta sahale wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, lissafin gidaje da yawa ya rikice. Gida mai wayoyi bakwai ko takwas, kowa na tsinkar 'yar datarsa ta kwana ɗaya ko ta mako, in ka tara abin da aka kashe a ƙarshen wata sai ka riƙe baki. Shi ya sa magidanta da dama suka koma sayen rauta guda, a sa mata layi ɗaya, a loda mata datar wata, kowa ya jona ta waifai. Dabara ce mai kyau, ni ma ita nake yi. Wajen saye ne ake samun tangarɗa. Mutum zai shiga shago ya ce a ba shi mai nisan zango kuma mai sauƙin kuɗi, mai shago ya sauko masa da wadda ta fi yawan ƙahonni, ya nuna masa lambobin da ke jikin kwali, a yi ciniki. A kai gida, falo ya cika da sabis, ɗakin uwargida ko ɗigo babu.

Na haɗa irin wannan kaya a gidaje uku: nawa a Gusau, na ƙanwata da ke aure a Bungudu, da gidanmu na gado a Tsafe. Ni ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne, kawai dai a danginmu ni ake kira in abu mai maɓalli ya ƙi aiki. Abin da na gani a gidajen nan shi ne, nisan zango ba a cikin kwali yake zuwa ba. Bangon gidanka da wurin da ka ajiye na'urar su ne masu yanke hukunci.

Kafin komai, sabis tafiya biyu yake yi kafin ya shiga wayarka. Ta farko daga ƙarfen sabis na kamfani zuwa rauta. Ta biyu daga rauta zuwa waya, wato waifai. Kamar ruwan famfo ne, akwai bututun da ke kawo shi daga dam zuwa tankin gida, akwai kuma wanda ke raba shi daga tanki zuwa ɗakuna. Idan na farko ya bushe, duk tsadar na biyu aikin banza ne. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. A farkon watan Satumban 2021 aka kashe sabis a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro, Gusau ba ta samu ba sai a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sun daɗe fiye da haka. A lokacin, mai rautar dubu ɗari da mai 'yar rakani-kashi duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai a shiga mota a tsallaka wata jihar don a buga waya.

Saboda haka, kafin ka fitar da ko sisi, gane wace tafiya ce ke da ciwo a gidanka. Gwajin kyauta ne. Ari layukan duk kamfanonin da ke garinku, ka sa a waya ɗaya, ka zaga gidan: bakin taga, tsakar gida, saman tanki, bayan gida. Kada ka yarda da sandunan nan da ke saman waya, suna cika amma hoto ya ƙi buɗewa. Kira wani ta bidiyo, ka ga ko fuskarsa na tsayawa. Kuma kada ka yi gwajin da hantsi kaɗai, lokacin da kowa ke kasuwa ko gona. Maimaita bayan sallar isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau kan ƙarfe guda. Layin da ya ɗauke ka a wannan lokacin shi ne na gidanka, ko da ba shi ne wanda abokanka ke yabo ba. Layin da ke gudu a Samaru ko Tudun Wada yana iya zama gurgu a Kwatarkwashi, inda dutse kaɗai ya isa ya tare maka ƙarfe.

Daga nan sai zaɓen rautar kanta. Akwai waɗanda kamfanonin waya ke sayarwa da araha, har da kyautar data, amma a kulle suke, layinsu kaɗai suke karɓa. Akwai buɗaɗɗu masu karɓar kowane layi, irin na ZLT da Huawei da TP-Link, sun ɗan fi tsada. A Gusau, in ka gwada ka tabbatar da layinka, kulalliyar ta wadatar, kuma ita ce mafi sauƙi. A garin da sabis ke wasan ɓuya kuwa, yau wannan kamfani gobe wancan, ni dai buɗaɗɗiya nake ba da shawara, don ranar da layi ya ƙi sai ka zare shi ka sa wani. Sai dai a duba abu ɗaya a jikin kwalin. Kamar tashoshin rediyo, kowane kamfani da lambar da ake kama 4G ɗinsa. MTN na amfani da B3 da B7 da B20, Airtel an fi sanin sa da B3, Glo kuma da B28. In babu lambar layinka a jerin da ke jikin na'urar, za ta karɓi layin amma ta riƙa jan ƙafa a 3G. Wannan ɗan rubutun ya fi yawan ƙahonni muhimmanci nesa ba kusa ba. Ita kuwa lambar 300 ko 1200 da ake bugawa da manyan baƙaƙe a gaban kwali, gudun da ke tsakanin rauta da wayarka ne a inda babu cikas, ba gudun da kamfani zai ba ka ba.

Gidana na Gusau bai ba ni wahala ba. Ɗaki uku ne da falo, ginin bulo. Rauta guda na kafa a saman bango kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfe, sama da tsayin mutum, nesa da talabijin da firji, shi ke nan. Abin lura kawai shi ne yawancin sababbin rautoci suna fitar da waifai iri biyu, mai 2.4 da mai 5. Mai 5 ɗin ya fi gudu amma ragon ratsa bango ne, mai 2.4 ya fi haƙuri, ya fi kaiwa nesa. Wanda ke falo ya hau na 5, wanda ke ƙuryar ɗaki ya hau na 2.4. Kuma in ka ga an rubuta 5G a ƙarshen sunan waifai, ba 5G ɗin nan da MTN ta ƙaddamar a 2022 ba ne, sunan ne ya zo ɗaya. Na ga wanda aka ƙara wa farashi da wannan ruɗanin.

MiFi fa? 'Yar aljihu ce, ta ɗan makaranta da matafiyi da mai POS. Tana da batir, wannan ne kyanta. Amma an yi ta ne don mutanen da ke zaune kusa da ita, bango biyu ya isa ya kashe ta. Kuma in aka mayar da ita ta gida, aka bar ta a jone dare da rana, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, batirinta kumbura yake yi.

A Bungudu ciwon na tafiyar farko ne. Gidan ƙanwata ƙarami ne, waifai na kaiwa ko'ina, amma babu abin da zai raba, domin sabis ɗin kansa ba ya shiga ɗaki. Rufin kwano ne, shi kuwa ƙarfe ba ya barin sabis ya ratsa, mayar da shi yake yi. In ka tsaya a tsakar gida sanda ɗaya, in ka hau kan tanki sai ga saƙonni na shigowa kamar an buɗe ƙofa. Mijinta ya riga ya yanke shawarar sayo babbar rauta mai ƙaho shida. Na ce masa ya dakata, ya ba ni tsani. Muka ɗaura tsohuwar rautarsu a kan gora, muka ɗaga sama da rufi, muna juyawa a hankali, ita kuma tana ƙasa tana kiran yayarmu ta bidiyo tana faɗa mana inda hoton ya daidaita. Da muka tabbatar sama ce maganin, sai ya sayi irin wadda aka yi don zaman waje, mai jure rana da ruwa, layin na cikinta, kebul ɗaya ke kai mata wuta ya kuma sauko da intanet ɗin cikin ɗaki. Da mai ƙaho shidan ya saya ya ajiye a ƙarƙashin kwanon nan, da har yau ana hawa tanki.

Sai maganar wuta, wadda duk mun san halinta. Rautar gida ba ta da ci, yawanci bolt 12 ce, abin da take ja tsakanin wat 6 zuwa 12, kusan ƙwan fitila guda na zamani. Ba ta buƙatar janareto. Akwai ɗan kebul mai ɗaga wutar fawa bank daga bolt 5 zuwa 12, da shi fawa bank mai lamba 10,000 zai riƙe ƙaramar rauta wajen awa huɗu. Akwai kuma ɗan akwatin batir da ake jonawa tsakanin soket da rauta, in an ɗauke wuta ba ta ma sani ba. Mai sola kuwa ya huta. A dai karanta bayan na'urar kafin a jona, wasu bolt 9 ne, in ka ba su 12 ka yi sallama da su.

Za a ce to Starlink fa, tunda ta shigo Najeriya tun Janairun 2023 kuma ba ruwanta da ƙarfen sabis? Gaskiya ne, tana aiki, kuma ga makaranta ko asibiti ko unguwar da za ta yi karo-karo abin dubawa ce. Amma kuɗin kwanonta kaɗai dubban ɗaruruwa ne, ga na wata-wata, ga cin wutar da ya ninka na rauta sau da yawa. Kuma ko ita, tafiyar farko kawai ta gyara maka. In ta sauko gida, bangon da ya tare waifai ɗin mai araha shi zai tare nata.

Tsafe ce ta fi tsaya mini a rai, don a can ne na gane maganar ba ta na'ura ba ce kaɗai.

Gidanmu irin na da ne. Zaure, shigifa, ɗakin Yaya da ke kusa da ƙofa, sannan a karya kwana a shiga tsakar gida, inda ɗakin Inna yake da sashen matan Yaya biyu da madafi. Rabin ginin na ƙasa ne, katangun nan masu kaurin da in ka shiga da rana sai ka ji kamar an kunna maka fanka. Kakanninmu sun yi su ne don su tare zafi da idon baƙo, kuma suna tare waifai daidai yadda suke tare waɗancan. Yaya ya sayi rauta mai kyau, bai yi ƙwauro ba. Ya ajiye ta inda kowane magidanci zai ajiye abu mai tsada, wato ɗakinsa, a kan teburi, kusa da rediyo. Daga nan zuwa ɗakin Inna na ƙirga bango huɗu, biyu na ƙasa, ga tankin ruwa a tsakani, shi kuwa ruwa shanye waifai yake yi. Daga nan zuwa dakalin ƙofar gida kuwa taga ɗaya ce.

To ku duba wa ya samu, wa ya rasa. Samarin majalisa da ke zama a dakali sabis har ya yi musu yawa. Su kuwa waɗanda ke cikin gida wuni guda, ba su da inda za su je su nema, su ne ba su samu ba. Uwargidan Yaya na sayar da turaren wuta da atamfofi, kasuwarta gaba ɗaya a WhatsApp take, in ba ta ɗora hoto ba ranar babu ciniki, in kuma an turo kuɗi sai ta ga shaida kafin ta ba yaro kaya ya kai. Kullum sai ta jira zaure ya zama babu maza, ta yafa mayafi ta zo shigifa ta tsaya da waya a hannu. 'Yar Yaya da ke shirin JAMB ita ma a shigifar take karatu, a tsaye. Inna kuwa ba ta iya wannan zirga-zirgar. Kowa ya san yadda hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ta zama a shekarun nan, ba a ɗaukar yara a hau ta don ziyara kawai kamar da. Jikokinta na Gusau da na Kaduna a waya take ganin su, in an samu sabis. Kuma kuɗin datar nan har da na uwargidan a ciki, don karo-karo suke yi.

Da aka yi ƙorafi, Yaya ya koma kasuwa aka haɗa shi da rifita, 'yar na'urar nan da ake soka wa a soket wai ta ƙara zango. Ya kai ta ɗakin Inna ya soka. Waya ta nuna sanduna cike, kowa ya yi murna, amma ko saƙon murya ya ƙi tafiya. Dalili kuwa, rifita ba ta ƙirƙirar sabis, maimaita abin da ta ji take yi, kamar mai isar da kabbarar liman ga sahun baya. In ka tsayar da shi inda shi kansa ba ya jin liman, me zai isar? Wurinta tsakiyar hanya ne, inda sabis ke da sauran ƙarfi. Ko a can ɗin ma, irin masu arahar nan da baki ɗaya suke saurare su kuma maimaita, don haka gudun kan ragu da kusan rabi. A gidan bulo mai bango ɗaya a tsakani tana taimakawa. A gidan ƙasa mai lunguna, asarar kuɗi ce.

Na ce, "Yaya, mu fitar da ita daga ɗakinka mana, mu kai ta rumfar tsakar gida."

Ya ce, "Ka san yaran gidan nan kuwa? Kwana biyu ba za ta yi ba. Kuma can ciki layin ma ba ya kamawa sosai."

Maganarsa ta biyu gaskiya ce, na gwada. Tagar ɗakinsa ce ta fi ko'ina kama ƙarfe. Inna na jin mu daga kan tabarma, ta ce, "Ni dai in ga jikokina. Ko bisa icce za ku rataye shi, ku rataye."

Abin da ya raba gardamar kebul ne. Irin wanda ake haɗa kwamfutoci da shi a ofis da shagunan kafe, ana sayar da shi mita-mita, kuma yana ɗaukar intanet har mita 100 ba tare da ya rage komai ba, ba ruwansa da kaurin bango. Muka bar rautar Yaya a tagarta. Muka ja kebul wajen mita arba'in daga bayanta, ta saman katanga, a cikin siririn bututun roba saboda rana da ɓeraye, har rumfar da ke gaban ɗakin Inna. A can muka kafa wata 'yar rauta ta Tenda, mafi araha a shagon, wadda ba a sa mata layi ma, aikinta rarrabawa kawai. A saitinta akwai inda aka rubuta AP, shi ake zaɓa. Muka ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da ta farko, yadda in mutum ya taso daga zaure zuwa cikin gida wayarsa za ta sauya da kanta. Muka ɗaure ta can sama jikin azara inda hannun yaro ba ya kaiwa, ƙofofin ɗakunan matan duka suna kallon ta. Kebul da bututu da ƙaramar rautar, gaba ɗaya ba su kai kuɗin babbar da mai shago ya so ya sayar masa a karo na uku ba.

A nemi kebul na jan ƙarfe zalla in da hali. Akwai na alminiyon da aka yi wa fenti da jan ƙarfe, ya fi araha amma yana karyewa, in ka kankare bakinsa da reza ka ga fari a ciki to shi ne. Kuma da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare shi daga na'urorin biyu har a ɗauke.

Ranar da muka gama, Inna ta yi kusan awa guda tana magana da jikokinta daga kan gadonta, tana yi wa ƙaramin faɗa don ta ga bai da riga. Uwargidan Yaya ta aiko mini da kwalbar turare har Gusau.

Sai wata sabuwa ta ɓullo: datar wata ta ƙare a kwana goma sha biyu. Wani ɓangaren laifin wayoyin ne. Waya in ta ga waifai ɗauka take kyauta ne, sai ta shiga sabunta manhajoji da kwashe hotuna zuwa intanet cikin dare. A saitin waifai na Android akwai inda ake gaya mata wannan na awo ne, a bi kowace waya a kunna, a kuma hana WhatsApp sauke bidiyon rukunoni da kansa. A kuma sani cewa tsarin da ake kira mara iyaka yawanci yana da iyaka, in an kai wani adadi rage gudu ake yi. Amma babban ɓangaren na dakali ne. Na buɗe shafin rautar, adireshinsa na rubuce a bayanta, na ga wayoyi ashirin da uku a jone, alhali na gidan tara ne. Ba wanda ya faɗi kalmar sirrin da baki. Wayoyin yanzu suna nuna ta a matsayin ɗan hoton nan mai murabba'i da ake ɗauka da kyamara, ɗan Yaya ya nuna wa aboki ɗaya, abokin ya nuna wa majalisa.

Na so in toshe su duka, Yaya ya hana. Ya ce 'ya'yan maƙwabta ne, wasunsu da su ake kwana ana gadin unguwa, ba zai yiwu a ce an kore su daga ƙofar gida saboda data ba. Sai muka canja kalmar sirrin gida, na shigar wa kowa da hannuna, sannan na buɗe musu waifai na baƙi daban, wanda yawancin rautoci ke da shi, na rage masa gudu yadda zai ɗauki saƙo da kira amma ba zai ɗauki kallon ƙwallo ba. Sun yi gunaguni na kwana biyu. A mako na uku suka aiko ɗaya daga cikinsu ya tambayi Yaya nawa za su riƙa kawowa a wata in za a sake musu gudun ranar Asabar da Lahadi.